Tambaya da Amsa: Wace Falmaran Ta Dace da Ɗaukar Kayan Harbin Fenti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wata biyar ke nan da na fara wasan harbin fenti, wato wanda ake harbin juna da ƙwallaye masu fenti a ciki, tare da abokaina, a wani fili mai bishiyoyi da ramuka. Da farko kayan haya nake karɓa, amma yanzu na sayi bindigata, Tippmann 98, da tulun iska na alminiyam. Damuwata ɗaukar kaya. Gorunan ƙwallaye biyu nake cusawa a aljihun wando, in na ruga su yi ta dukan cinyata, rannan ma ɗaya ta faɗi ban sani ba. Na ga falmaran irin ta sojoji a intanet, wata aljihu ya fi goma, wata kuma ba aljihu ko ɗaya sai layukan maɗaurai. Wacce zan saya? Kuma da gaske ne tana rage zafin harbi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce take sa mutane su sayi abin da ba shi suke bukata ba.

Tana rage zafi, amma a inda zafin bai taka kara ya karya ba. Ƙwallon fenti nauyinsa kusan giram 3 ne, kuma filayen wasa ba sa barin gudunsa ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, wato kusan mita 90, wasu ma a 280 suke tsayar da shi. In ya same ka a ƙirji ko a baya ta kan riga biyu, zugi ne na ɗan lokaci, sai tabon da zai baje cikin 'yan kwanaki. Wurin da yake sa mutum ya yarfa hannu shi ne yatsu, da wuya, da cikin cinya, kuma duk cikinsu babu wanda falmaran take rufewa. In zafi kake gudu, safar hannu da makarin wuya za ka nema. Falmaran ba sulke ba ce, jaka ce da ake sawa kamar riga, kuma da idon mai sayen jaka nake so ka dube ta.

Akwai ma abin da masu talla ba sa faɗa. A yawancin filaye, in ƙwallo ya fashe a kan kayan da ke jikinka, ka fita daga wasan, daidai da a ce a fatarka ya fashe. Yadi mai laushi yakan sa ƙwallo ya yi tsalle ya faɗi bai fashe ba, ka ci gaba da wasanka. Amma gorar roba mai tauri da ta turo kai a gefen haƙarƙarinka, ko maɓallin da ke kan kafaɗa, da ya taɓa su sai fashewa. Duk aljihun da ka ƙara, faɗi ka ƙara wa kanka a idon wanda ke saitinka.

Saboda haka kada ka fara da hotunan intanet, fara da ƙirga. Ranakun wasa biyu masu zuwa, ka riƙa lura da yawan ƙwallayen da kake harbawa daga busar farko zuwa ta tashi. Ƙoƙon da ke kan bindigarka yana cin kusan 200, gora ɗaya kuma 140. Ni dai a wasan daji na minti 20 zuwa 30, da wuya in ƙarar da ƙoƙo da gora biyu, sai fa ranar da aka ba ni aikin danne abokan gaba da ruwan wuta don 'yan ɓangarena su samu hanyar wucewa. Sannan ka yi lissafin nauyi. Ƙwallo 140 sau giram 3, giram 420 ke nan, in ka haɗa da robar gorar ya doshi rabin kilo. Gora shida, kilo 3. Ruwan sha lita 2, kilo 2. Tulun iska ya ɗara kilo ɗaya. Ita kanta falmaran ɗin tana da nata nauyin. Kafin ka ɗauki bindiga ka riga ka goya kilo 7, kuma da shi za ka yi gudu, ka tsuguna, ka miƙe, sau ba adadi. Nakan tuna wa sababbin 'yan wasa yadda abin ya faro: a watan Yunin 1981, mutum 12 suka shiga daji a jihar New Hampshire ta Amurka da ƙananan bindigogin Nel-Spot, waɗanda asalinsu don sa wa bishiyoyi da shanu alama aka ƙera su. Wanda ya ci wasan, Ritchie White, masanin gandun daji ne, kuma bai harba ko ƙwallo ɗaya ba. Sanɗa da sanin daji suka ba shi nasara, jikinsa sakayau.

Ni ma ta hanya mai wuya na koyi wannan. Falmaran ɗina ta farko irin wadda ka kwatanta ce, aljihu ko'ina, gora huɗu a tsaye a kan ciki, bakinsu sama. Ranar da na fara sa ta, muka isa wani wuri da sai an yi jan ciki a ƙarƙashin wani reshe da ya kwanta. Na kwanta, amma ƙasa ta ƙi karɓata, gorunan sun ɗaga ni kamar taki guda, bayana a fili. Da na ja jiki, murfin ɗaya ya kama saiwa ya buɗe, ƙwallaye suka watse a cikin yashi, ina jin su suna fashewa a ƙarƙashin gwiwata. Ƙwallon da ya faɗi ƙasa kuwa ba a mayar da shi bindiga, don yashi da danshi suna ɓata shi ya fashe a cikin bututu. Ga wani ƙaramin aljihu a kafaɗar dama, daidai inda gindin bindiga yake zama, duk sa'ad da na ɗaga don saiti sai ya zame. Kafin wata uku zif ɗin gaba ya daina kamawa. Ba wai falmaran ɗin ce kawai mara kyau ba, ni ne na saye ta don kama, ban saye ta don aiki ba.

Yanzu ga abin da ke kasuwa. Akwai ɗamarar goruna, wadda ba falmaran ba ce ma, faffaɗan bel ne mai roba da yake riƙe goruna a ƙugu ta baya. Za ka ga an rubuta 4+3 ko makamancin haka, ma'ana gidaje huɗu na asali da madaukai uku na ƙari. Ita masu wasan gasa na ƙaramin fili suke ɗaurawa, don ba ta da nauyi, ba ta hana gudu, nauyin kuma a ƙugu yake sauka ba a kafaɗa ba. In za ka bar tulun iskarka a jikin bindiga, kuma wasanku bai wuce rabin awa ba a fito a huta, gaskiyar magana ita ce ta ishe ka. Na san ba wannan amsar kake so ba, idonka yana kan ta sojoji, amma haƙƙinka ne in faɗa maka.

Falmaran sosai tana fara amfani ne in wasa ya yi tsawo, irin wanda ake wuni a daji ba a dawowa mazauni sai bayan awanni. A nan kana bukatar ruwa a bayanka, da oba-oba, da tsinken goge bututu, da tsumman goge gilashin garkuwar fuska, da wurin sa taswira ko katin wasa. A nan ne zaɓi ya rabu biyu, mai ɗinkakkun aljihuna da mai layukan maɗaurai.

Mai ɗinkakkun aljihuna tana da tarko guda da ya kama mutane da yawa. Mafi yawan waɗanda ake tallatawa ba don wasanmu aka ɗinka su ba. An yi su ne don gidan harsashin bindigar gaske, ko don masu wasan harbin ƙananan ƙwallayen roba na milimita 6, kuma waɗannan gidaje shafaffu ne, masu faɗi. Gorarmu kuwa zagayayyiya ce, tsawonta ya kai taki, kaurinta ya cika tafin hannu. Ba za ta shiga ba, in ma ka tura ta da ƙarfi marfin aljihun ba zai rufu ba. In dai ba a rubuta ƙarara cewa aljihunan na gora mai cin 140 ba ne, ka wuce. In an rubuta, duba inda aka ɗinka su. Na baya ko na gefe, madalla. Na kan ciki, ka riga ka ji labarina.

Mai layukan nan da ka gani kamar ba a gama ɗinka ta ba, ita ake kira MOLLE, ana furta shi "moli". Tsari ne da sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1997. Kowane maɗauri faɗinsa inci ɗaya, tsakaninsa da na ƙasansa inci ɗaya, kuma an danne shi da ɗinki duk bayan inci ɗaya da rabi. Wannan awon bai ɗaya shi ne amfaninsa: aljihun da wani kamfani ya yi zai hau falmaran ɗin wani kamfanin, ka sa shi inda kake so, gobe ka cire ka canza masa wuri. In ta zo hannunka, ɗauki abin awo ka gwada, don masu arha sukan yi ɗinkin ido, ramukan su fito wani babba wani ƙarami, aljihu ya ƙi zama daram. Sa aljihun ma akwai yadda ake yi. Ba zura igiyar ake yi ta bayan layukan gaba ɗaya a ɓalle ba, saƙa ake yi: ta bi layin falmaran, ta dawo ta bi layin aljihu, ta koma na falmaran, har ƙasa. Wanda aka saƙa daidai ko ka ja shi da hannu biyu ba ya motsi. Wanda aka zura kawai shi ne za ka ga yana lilo a bayan mutum.

In ka tsaya a kan falmaran, wannan nake ba ka shawara ka saya, amma da sharaɗi: ka saye ta tsirara, ka fara da aljihun goruna guda mai cin uku ko huɗu, da na tarkace ƙarami guda. Sauran layukan ka bar su haka nan. Ba dole ne a cika kowane gurbi ba.

Sai maganar tulu, wadda ta fi kowacce bukatar natsuwa. Ba ka gaya mini ba ko naka na matsattsiyar iska ne ko na CO2, don dukansu akwai na alminiyam. Duba jikinsa. In ka ga 48 da 3000, na iska ne, wannan ko a tsaye ko a kwance duk ɗaya. In kuwa an rubuta awonsa da oza, kamar 12 ko 20, na CO2 ne, kuma abin da ke cikinsa ruwa-ruwa ne. Irin wannan a tsaye ake goya shi, bakinsa sama, don in ya kwanta ruwan yakan bi tiyo ya shiga bindiga, gudun ƙwallo ya riƙa hawa da sauka, robobin ciki su daskare. To aljihun tulun da za ka saya ya dace da wanda kake da shi, ya zama yana da maɗaurin da zai shaƙe wuyan tulun, da soso tsakaninsa da ƙashin bayanka, don wata rana za ka faɗi ta baya. Kana nan kuma ka duba kwanan watan gwajin da ke jikinsa, yawancin tuluna duk shekara 5 ake sake gwada ƙarfinsu, filin kirki ba zai cika maka wanda wa'adinsa ya wuce ba.

Mayar da tulu baya yana sa bindiga ta yi sauƙi a hannu, wannan gaskiya ne, kuma in an wuni ana wasa za ka gode wa Allah da shi. Amma a irin bindigarka tulun ne yake zama gindin da kake tokarawa a kafaɗa, in ka cire shi sai ka sayi gindi daban. Tiyon da ke haɗa su, mai naɗi kamar wayar tarhon da, yakan kama reshe, yana kuma wahalar da sauya bindiga daga hannun dama zuwa hagu. Ka bi da shi ta ƙarƙashin hammata, kada ta kan wuya. Ka nemi mai makunnin da ake turawa a datse iska, kuma kada ka taɓa cire tiyo alhali akwai iska a matse a cikinsa.

Yadi ba zan daɗe a kansa ba. Lambar da kake gani, 500D ko 1000D, kaurin zare take nunawa, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Nailan 500D ya ishi wasanmu. Na 1000D ya fi juriya amma ya fi nauyi da riƙe zafi, kuma ba yaƙi za ka ba. Abin da yake fara mutuwa ba yadin ba ne, ɗinki ne da zif. Juya ta ciki ka duba inda maɗaurin kafaɗa ya haɗu da jiki, ka ga ko an maimaita ɗinkin ko layi ɗaya aka bi aka wuce. Zif in na kamfanin YKK ne, hankalinka ya kwanta. Velcro kuwa, mai kamawa kamar ƙarangiya, yana da ƙara in ka ɓanɓare shi kana laɓe, kuma ciyawa da fenti suna cika shi ya daina kamu, shi ya sa na fi son gidan gora mai roba da igiyar ja. Cikin falmaran ya zama raga. Wannan ba don jin daɗinka kaɗai ba ne. Ɓawon ƙwallo da jelatin ake yin sa, zafi da danshi suna sa ya yi laushi ya kumbura, gorar da ta wuni manne da jiki mai gumi sai ka ga ƙwallayenta sun fara manne wa juna.

In ta iso, kada ka cire takardar jikinta sai ka gwada ta da kaya. Cika gorunan, sa garkuwar fuskarka, ka yi tsalle sau goma. In tana dukan kafaɗarka, matse gefe. Tsuguna: in ƙasanta ya toshe cinyarka ta tura sama ta shaƙe ka, ta yi maka tsawo, ya kamata ta tsaya a saman ƙashin ƙugu. Kwanta rub da ciki ka ɗaga kai kamar mai leƙen gaba, ka ji ko tulun ko wuyan falmaran yana tokarin ƙeyarka yana tura garkuwar. Wannan babban aibi ne, don duk abin da zai ɗaga garkuwar fuska a fili ba abin wasa ba ne, ido ba ya da na canji. Sannan ka riƙe bindiga da hannun harbi, ka kai ɗaya hannun baya ka zaro gora ba tare da ka waiwaya ba, ka buɗe, ka juye, ka mayar. In sai ka ajiye bindiga kafin ka iya, wurin aljihun bai yi ba, sauya shi.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce, ba ni da jiki sosai. Falmaran ɗin yayana nake ara, ko na matse ta har ƙarshe sai ta yi ta rawa a jikina, kafaɗuna kuma su yi ciwo. Akwai dabara?

AMSA: 'Yar'uwa, matsalar ba daga gare ki take ba. Yawancin waɗannan kaya a kan awon faffaɗan namiji ake yanka su, kuma kalmar nan ta "tana shiga kowa" ba gaskiya ba ce. Ciwon kafaɗar yana nuna cewa duk nauyin a can yake rataye. Ki sauke shi zuwa ƙugu: ɗamarar goruna za ta fi miki, don ana samunta a awo daban-daban kuma robarta tana bin jiki. Ki haɗa da makarin ƙirji mai soso wanda ake sawa a ƙarƙashin riga, shi ne zai ba ki kariyar da falmaran ba ta bayarwa yadda ya kamata. In kuma lallai falmaran kike so, ki nemi wadda ake daidaita ta a wuri biyu, kafaɗa da gefe, ki auna ƙirjinki da tsawon bayanki a kan kayan da kike wasa da su kafin ki saya. Maɗauran da suke gicciye a baya sun fi zama a kan ƙaramar kafaɗa, sai dai ki lura kada su riƙa gugar wuyanki.

TAMBAYA: Tawa bindigar mai gidan harsashi ce, ba ta da ƙoƙo. Shawarar ɗaya ce?

AMSA: A'a, malam, kai ne ma falmaran irin ta sojoji ta fi yi wa amfani. Gidan harsashi ɗaya kusan ƙwallo 20 yake ci, don haka sauyi kake yi a kai a kai, kuma dole su kasance a gaba inda hannu zai kai nan take. Rabin falmaran, wadda take rufe ƙirji kawai ta bar baya a buɗe, ita ta fi dacewa. Sai dai gidajen ba girmansu ɗaya ba, na kamfanin Tippmann daban, na kamfanin Dye daban, kuma sukan fi na bindigar gaske kauri, ka gwada naka a aljihun tukuna. Jere ɗaya ka yi, kada ka ɗora biyu a kan juna, in ba haka ba jan ciki zai gagare ka. Ka rataya buɗaɗɗiyar jaka a ƙugu ta ɓangaren hannun da ba na harbi ba, don jefa waɗanda suka ƙare. Kuma kada ka bar ƙwallaye su kwana a ciki, matsin sifirin ɗin da ke tura su yana lotsa su.

TAMBAYA: Yaya ake wanke ta? Tawa ta fara wari, fentin kuma ya bar tabo.

AMSA: Fentin yana narkewa a ruwa, abin da yake sa ya bar tabo shi ne barinsa ya kwana biyu a jiki. Ranar da ka dawo, cire aljihunan, kakkaɓe ɓawon ƙwallayen da ya maƙale, ka jiƙa ta a ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ka bi layukan da tsohon buroshin haƙori. Kada ka sa bilic, kada ka sa ruwan zafi, suna kashe robar gidajen gora. Shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, zif a buɗe, sai ta bushe ƙarau kafin ka adana, don danshin da ya rage a cikin soso shi ne warin da kake ji. In akwai jakar ruwan sha, juye ta ka rataye ta baki a buɗe.

Da ta bushe, ninke ta ka sa a jaka mai rufi tare da bindigar, tulu a cire, safar da ke rufe bakin bindiga a ɗaure. A haka za ta je fili, a haka za ta dawo. Kada ka sa ta a jikinka a hanya ko a cikin mota, don wanda ya hango ka daga nesa ba shi da yadda zai gane cewa ƙwallayen fenti ne a aljihunan, kuma ƙasashe da dama sun hana farar hula sa kaya masu launin kakin soja. In kana da zaɓin launi tun wurin saye, ɗauki ruwan ƙasa ko kore mara zane, a cikin daji duk suna ɓoye mutum.